Jikka 22 na biya aka maida mini mahaifina bebe

Wallahi ba don girma ya kama ni ba, da ranar Lahadin nan sai ƴan kasuwa sun raba ni da wani yaro mai gyaran kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi layinsu ba, ya san kansa. Amma abin da ya yi mini sai na faɗe shi.

Kaset 9 gare mu na bidiyo, irin manyan nan na da, suna cikin wata kwalla ta Inna. Akwai na bikin ƙanwata a Tibiri a 1998, akwai na saukar karatun ƙanena, akwai na dawowar Baba daga Makka. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma in ba cikin kaset ɗin nan ba babu inda muryarsa ta rage. Zafin Maradi da ƙura ba su barin kaset ya tsufa lafiya, shi ya sa na ce bari in kwashe su cikin kwamfuta tun suna da sauran rai. Aka ce sai da katin telabijin, wanda ake kafawa cikin kwamfutar tebur ya riƙa kama hoto. Na ɗora tsohuwar kwamfutata mai Windows XP bisa kabu-kabu, na kai wa yaron nan. Kati da kuɗin aiki jikka 15. Ya sa kaset a gabana, hoto ya fito, murya ta tashi daga sifika. Ya ce, "Mushe, ka gani, komai ras." Na biya, har da godiya.

Duk wanda bai taɓa wannan aiki ba ya sani, kaset ba ya gudu. Mai awa 3 sai ka zauna awa 3 cur. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ka koma farko. Sati 3 na yi ina fakon wuta, wani lokaci ƙarfe 2 na dare ina zaune da singileti, zufa na zuba, ina jin Baba yana magana daga sifika, hankalina kwance cewa ana ajiye mini shi.

Da na gama na zuba su a kile, na tara gida kaf a ɗakin Inna bayan isha'i, har ƙanwata ta zo daga Tibiri da ƴaƴanta. Aka sa a telabijin. Ga Baba nan da farar riga da hiraminsa a kafaɗa, ya ɗaga yatsa yana yi wa amarya nasiha, baki na motsi, ko tari ba a ji. Makaɗa na dukan kalangu kamar masu dukan iska. Aka ƙure murya, shiru. Inna ta matso har gaban gilashin, ta kara kunnenta, ta juyo ta ce da ni, "Mi Alhaji yake faɗi?" Ban san abin da zan ce mata ba. Har yanzu in na tuna sai in ji maƙogwarona ya bushe.

Na san da laifina, ban taɓa buɗe ko ɗaya na saurara ba. Har ƴar ƙarar da kwamfutar ke yi in an kunna ta ta daina tun ranar da na dawo da ita, ban kawo komai a raina ba. To amma ni alli na sani, shi ya sa na biya wanda ya ce ya san aikin.

Na koma. Bai ko duba bayan kwamfutar ba ya ce birus ne, sai an goge ta an zuba sabon Windows. Jikka 3. Aka goge, shiru. Ya ce katin sauti ne ya ƙone, ya ciro wani daga kwali, jikka 4. Shiru. A zuwa na uku sai ya gyara zama ya shiga yi mini lacca, wai matsalar tsari ce, kayan Najeriya ba su jituwa da na Nijar. Nan ne raina ya ɓaci sosai, don gaskiya ya ɗauko ya lulluɓe ƙarya da ita. Mu da muka girma kusa da Dan Issa mun san wannan tun yana cikin zanin goyo. A wancan zamani tashar telabijin ta Nijar tsarin watsa hoto na SECAM take bi, ta Najeriya kuma na PAL, kuma ba waje ɗaya suke ajiye murya ba: tazararta da hoto megahaz 6.5 ce a nan, 5.5 a can. Shi ya sa a da in ka sayo telabijin a Katsina ko Kano, ba mai cin tsari da yawa ba, in ka kama tashar Nijar sai ya ba ka hoto fari da baƙi, murya kuwa sai shuuu. Amma wannan zancen eriya ne! Ni da waya mai kai uku na haɗa bidiyona, rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Muryar da ta biyo wayarta daban, ina ruwanta da PAL ko SECAM?

Wadda ta warware abin ɗiyar ƙanena ce, tana karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ta juya kwamfutar, ta haska bayanta da fitilar salula, ta bi wayar sifika da yatsa, sai ta yi dariya. Ta ce, "Baba, ai muryar ba ta taɓa shiga kwamfutar ba." Ashe irin waɗannan tsofaffin katunan, da yawansu hoto kawai suke miƙa wa kwamfuta ta ciki. Murya ramin fitarta daban, sai an sa wata ƴar guntuwar waya, ba ta kai kamu ɗaya ba, daga ramin katin zuwa shuɗin rami na katin sauti. Sifika kuma koren rami ne nasa. Shi gwanin namu sai ya cusa sifika kai tsaye a jikin katin telabijin. Ina jin murya a ɗaki, kwamfuta ba ta jin komai.

Dala 100 muka sayi wayar. Dala 100! Ta haɗa, ta buɗe wurin daidaita sauti, ta nuna mini cewa ɓangaren saurare daban, ɓangaren ɗauka daban. A na ɗauka an bar zaɓi kan makirfo, wanda ba ni da shi ma. Ta maida shi kan Entrée ligne, wato shuɗin ramin nan, ta shiga manhajar ɗaukar bidiyon nan ma ta zaɓi shi, ta ɗauki minti 1, ta tsayar, ta kunna. Sai ga Baba yana cewa "to, madalla." Minti 1 ɗin nan na gwaji shi ne yaron bai iya yi ba a zuwa 4.

Mutum ya buɗe shago, ya rataya allo, ya tara matattun kwamfutoci har rufi don a ce gwani ne, amma shuɗi da kore sun gagare shi? Kuma cewa "ban sani ba" ta fi masa ciwo da ya ci kuɗin dattijo. Ko wane ciwo birus, ko wane magani gogewa.

Da na sake bin kaset ɗin daga farko, 8 sun fito da muryarsu. Na bikin, wanda ya sha wahalar gwaje-gwajen banza a shagonsa, bidiyo ya tauna zarensa daidai wurin nasihar. Hoto na rawa, murya na shiga tana fita, rabin maganar Baba ta tafi.

Ranar Lahadi na kai masa katin sautinsa na ce ya ba ni jikka 7 ɗina, na gogewa da na katin. Ya ce kayan da aka saya ba a maidowa. Ya ƙara da cewa, "Mushe, ai ka ji murya da kunnenka ranar nan." Na ajiye masa katin bisa tebur, na ce ranar Asabar zan dawo, kuma da shugaban layinsu zan zo.