Gam daga tunkuza: uzurin masu masana'antar katako ya ƙare

Tun da Tarayyar Turai ta sa watan Agustan 2026 a matsayin wa'adin rage sinadarin fomaldihaid da kayan katako ke fitarwa daga gam ɗin da ake liƙa su da shi, aka koma rera tsohuwar waƙa: wai gam ɗin da ake yi da ragowar amfanin gona sabon abu ne, ba a gwada shi ba. Wannan magana ta ishe ni.

Sabo a ina? Tun shekarun 1920 ake liƙa filawud da garin waken suya a Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gam na sinadari mai arha ya ture shi, masana'antu suka rungume shi, lafiyar mai saye kuwa ko oho. Duk wanda ya taɓa buɗe sabon kabad da aka yi da matsattsen garin katako, ya ji warin nan mai yaji da ke sa ido ƙwalla, to ya shaƙi fomaldihaid. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa sankara tun 2004.

Masu cewa gam na tsiro ba ya jure ruwa, labarin kakanninsu suke bayarwa. Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon ya lura da yadda wasu halittun teku masu ɓawo ke manne wa dutse duk da dukan igiyar ruwa, ya sarrafa furotin ɗin waken suya ya yi irin wannan riƙo. Tun 2005 kamfanin Columbia Forest Products ke sayar da filawud ɗin da aka liƙa da shi. A Afirka ta Kudu an daɗe ana haɗa allunan katako da gam na tanin, wani sinadari da ake samu a ɓawon itace. Masana'antun takarda kuwa ƙona yawancin sinadarin liginin da suke cirewa daga itace suke yi, alhali shi ne ainihin abin da ke riƙe jikin itace.

Ko IKEA, mai ƙera kayan ɗaki, da ta ce gam kaɗai ke jawo kashi 5 cikin 100 na illar da take yi wa yanayi, ta fara sauyawa a masana'antarta ta Lituweniya a 2023. Sai dai da sitacin masara ta fara, ni kuma ban ga dalilin taɓa hatsi ba ga tunkuza da ɓawo jibge.

A tsaurara doka, a kuma tilasta rubuta irin gam a jikin kowane allo, mai saye ya san abin da yake kai wa ɗakin 'ya'yansa.