Ƙarfen kilo uku da jarkar ruwa

Ƙanwata tana da cikin wata shida. Makon jiya surukarta ta shiga ɗakinta a Agege da ke Legas, ta tarar tana ɗaga 'yan ƙarafan motsa jiki, kilo uku-uku. Hajiya ta yi salati ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ki hana yaron numfashi a ciki?" Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma yarinyar nan ce dai kullum da asuba take kinkimar jarka mai lita 25 daga bakin famfo zuwa saman bene. Kilo 25 ke nan, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Tsoron Hajiya yana da tushe. Ta mabiyiya jariri yake samun iska da abinci, kuma gab da haihuwa jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan ana aikin ƙarfi, jiki yakan karkatar da jini zuwa tsoka. Sai dai Allah ya yi wa mai ciki tanadi, jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki lafiyayya da minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, har da na ƙarfafa tsoka.

Yadda ake ɗagawar ne abin lura. Kada a riƙe numfashi ana yunƙuri. Bayan wata biyar a daina yi a kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A sha ruwa, zafin Legas ba wasa ba ne. Jarkar nan kuwa, da sunkuyo da yunƙuri da hawan bene duk ta haɗa.

Wadda aka ce mabiyiyarta ta tare bakin mahaifa, ko jininta ya hau, ko an ɗaure mata bakin mahaifa, ta haƙura sai abin da likita ya ce. Wadda ta ga jini ko ruwa, ko jiri ya ɗebe ta, ko motsin yaro ya ragu, ta ajiye komai ta nufi asibiti.

Ƙanwata ta tambaya a wurin awo, an ce ta ci gaba a hankali. Ni kuma na samu mijinta na ce, "Malam, daga gobe ka biya mai ruwa ya riƙa hawo da jarkar nan."