Kyanwar Kawu a Lawanti

(Filin jirgin Lawanti, Gombe. Kawu Baƙauye ya dire buhun taki a kan kantar ma'aikaci. Buhun yana motsi.)

Ma'aikaci: Baba, barka da asuba. Me ke cikin buhun nan?

Kawu: Kyanwa ce. Abuja zan kai wa 'yata, ɓeraye sun hana ta barci.

Ma'aikaci: Kun gaya wa kamfanin jirgin tun lokacin yankar tikiti?

Kawu: Gayyata zan raba? Ɗaurin aure ne?

Ma'aikaci: Kowane kamfani da dokarsa, Baba. Wani ba ya ɗaukar dabba sam, wani sai a ɗakin kaya. Masu barin ta cikin fasinja galibi kilo 8 suke yarda da shi, har da nauyin keji, kuma kejin ya shige ƙarƙashin kujera.

Kawu: Ai buhu ya fi shigewa.

Ma'aikaci: Buhu ba numfashi. Keji ake so mai kofofin iska, wanda za ta miƙe tsaye a ciki, ta juya, ta kwanta. A shimfiɗa abin tsotse fitsari a ƙasa, a maƙala ƙoƙon ruwa a ƙyauren. Ina takardar likitan dabbobi da katin allurar haukan kare?

Kawu: Ɗan nan, kyanwa na ce maka. Ka taɓa jin ta yi haushi?

Ma'aikaci: Ita ma tana ɗauka. In ketare ne ma, sai an dasa mata ɗan ƙwayar lamba mai alƙaluma 15 a ƙarƙashin fata kafin allurar, sannan ƙasashen Turai su ce sai an gwada jininta, a jira wata uku.

Kawu: Ni da na je Makka ba a dasa min komai ba! To bari in jefa mata rabin maganin barci, kowa ya huta.

Ma'aikaci: Kul! Yana sa ƙarfin bugun jini ya faɗi, a sama kuma abin ƙaruwa yake, ba mai duba ta. Sai a sauke maka gawa. Abinci ma kaɗan, awa huɗu zuwa shida kafin tashi, don kada ta yi amai.

Kawu: Yanzun nan ta cinye kan kifi biyu.

Ma'aikaci: Allah ya kyauta. A wajen bincike kuma kejin kaɗai ke shiga na'urar haska kaya. Ita za ka fito da ita, ka rungume, ku wuce ƙofar tare. Ka ɗaura mata igiya ta ƙirji tun daga gida, don nan ne suke kuɓucewa.

Kawu: Rungumar ƙarshe da na yi mata, ga tabon.

(Ya yi shiru, yana ƙirga da yatsu: keji, allura, takarda, kuɗin kujerar da ba za ta zauna a kai ba.)

Kawu: Ɗana, ara min wayarka.

Ma'aikaci: Likitan za ka kira?

Kawu: 'Yata. Ta sa ɓerayen a motar Gombe, mu tare su a tasha.