Malam Bruno, ɗan wace unguwa ne?

Laifin mai gyaran wayar nan ne na bakin layinmu, kun san shi, ba sai na kama suna ba. To, da ɗan nawa laifin a ciki, don ni na fara tsokanarsa. Ranar 12 ga Janairun 2025, zagaye na uku na Kofin FA, aka haɗa mu, Manchester United, da Arsenal ɗinsu a gidansu, mu ne kuma ke riƙe da kofin tun da muka doke Manchester City 2-1 a Wembley. Ɗan wasanmu Bruno Fernandes ya ci, aka kori Dalot, Gabriel ya farke, aka ba su fenariti golanmu Bayindir ya ture wa Odegaard, muka ja su da mutum goma har bugun daga kai sai mai tsaron gida. Havertz ya ɓarar, Zirkzee ya rufe taro da addu'a, 5-3. A daren nan, cikin hunturun nan, sai da na raka mutumin har ƙofar shagonsa ina tambayarsa ko yana gyaran ƙafar ɗan wasa. Shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai: "Kofi 14 gare mu, ku 13." Na ce masa ya jira watan Mayu, kunnen doki za mu yi. A gaban jama'a na faɗa.

Sai Fabrairu ta zo ta ƙara hure min kunne. Brighton ta yi waje da Chelsea. Plymouth, wadda take can ƙarshen teburi a rukuni na biyu, ta fitar da Liverpool 1-0. Mu kuma muka wuce Leicester da ƙwallon Maguire ta ƙurarren lokaci, wadda har gobe mai gyaran waya yake cewa satar gida ce. Satar gida ce kam, amma ba a fara amfani da VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, ba a wannan zagayen, wa zan kai ƙara? Da aka ce Fulham za ta zo Old Trafford a zagaye na biyar, ai ni a raina har na fara tunanin wasan ƙarshe.

Matsalar ita ce ranar. Lahadi 2 ga Maris, azumi na biyu. Kun san al'adar Baba, surukina: duk shekara a wannan rana yake tara 'ya'yansa mata da mazajensu a sha ruwa tare, kuma ba a fashi. Maman yara ta tafi tun azahar don taya suyar ƙosai, na ce mata ina nan tafe. Lissafina mai sauƙi ne. Za a take wasa biyar da rabi agogonmu, kafin a tafi hutun rabin lokaci mun zura biyu, in tari adaidaita, in isa ana kiran sallah.

Ana daf da tafiya hutun, aka bugo kwana, Calvin Bassey na Fulham ya sa kai ya ci mu. Bassey fa! Ɗan ƙasarmu, wanda muke yi wa addu'a in ya sa koriyar riga. Mai gyaran waya ya miƙe a kan benci yana ihun "Najeriya ta ci!", shi da ko wasan Super Eagles ba ya tsayawa kallo.

To ina zan tafi in bar mu a haka? Aka kira magariba, mai shayi ya raba mana dabino da ruwan leda, muka yi sallah a tabarmar ƙofar gidan kallo, liman ɗan Chelsea ne don haka bai ga dalilin sauri ba. Ina sallamewa na rubuta wa maman yara saƙo: na tsaya tafsiri, an riƙe mu shan ruwa a masallaci, ta ba Baba haƙuri. Allah ya yafe min. Abin da nake lallashin kaina da shi har yau shi ne, sai da na sha ruwa na tura saƙon.

Wajen ƙarfe bakwai wayata ta fara rawa a aljihu. Na duba. Baba.

Wanda ya san Baba ya san ba ya kiran suruki a waya sai da dalili, kuma ba a barin kiransa ya katse. Na tsallake ƙafafun mutane na fita, na zagaya bayan ɗakin, nesa da janareto, daidai wurin nan da langa-langa ya huje, inda yara marasa kuɗin shiga suke leƙe. Na kori yaro ɗaya. Na durƙusa har ƙasa kamar yana ganina, waya a kunne, ido ɗaya a huda. Wannan idon shi ya kashe ni. Da bango na juya wa fuska, da yanzu ina da sauran mutunci a gidan nan.

"Salamu alaikum. Baba, barka da shan ruwa."

"Barkanmu dai. Ya ibada?"

"Alhamdulillahi, Baba."

"Ta ce min ka tsaya tafsiri. Madalla, ai wannan ya fi ƙosai. Wane malami ne yake yi a wajen naku?"

Ina buɗe baki in laluɓo sunan wani malami, sai na hango Dalot ya kwararo ta gefe ya miƙo ƙwallo cikin da'ira. Na ga wanda ya nufo ta. Wallahi ban san lokacin da na bar ƙasa ba.

"Bruno! Bruno ne! Ya ci! Wallahi ya ci!"

Kaina ya daki langa-langa, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki ihu, wani yana dukan benci, wani yana busa abin nan mai ƙarar tsiya, yaron da na kora ya rungume ni ta baya. Takalmina ɗaya ya faɗa kwata. Na yi tsalle ya kai uku kafin na ji wani abu mai ɗumi a tafin hannuna, na duba, na ga daƙiƙu suna ta tafiya a fuskar waya. Minti na 71 a Manchester, ni kuma a nan kiran bai katse ba.

Na mayar da ita kunne a hankali. Shiru. Irin shirun da kake jin ƙarar cokali a kwano daga can nesa. A nan na tuna wani abu da na sani tun shekarar da na yi aure: Baba ba ya ji sosai da kunne ɗaya, don haka kullum a lasifika yake saka waya, ya ajiye ta a gabansa. A tsakiyar tabarma ke nan. Ga mijin yayarta, wanda dama tun bikin sunan ɗana na fari muke 'yar tsama. Ga mijin ƙanwarta, sabon ango mai neman suna. Ga ƙannenta maza su uku, biyu 'yan Arsenal. Ga mata a bayan labule.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Malam Bruno," in ji shi, a nutse, kamar mai karanta takarda. "Ban san shi ba. Ɗan wace unguwa ne?"

Na ce, "Baba..."

"Ka ce ya ci. To ai an sha ruwa, ya ci abinsa mana, mene ne na ihu? Ko da rana ya ci?"

Daga nan na ji tabarma ta fashe. Na ji dariyar mijin yayar nan, na gane ta, wata irin dariya ce mai tafiya da tari. Na ji wata murya daga ciki tana cewa "Innalillahi", kuma na san muryar, da ita nake kwana nake tashi. Ni kuwa na koma na durƙusa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina ta "Baba a yi haƙuri, Baba tuba nake", yaron nan yana tsaye a kaina yana tambayata ko zai iya komawa hudarsa.

Baba ya ce, "Ba komai. Idan malam ya shafa fatiha, ka biyo ka ɗauki iyalinka. An ajiye maka kunu." Ya kashe.

Ina ɗagowa, wa zan gani a jikin bango yana riƙe da buta? Mai gyaran waya. Ya ji komai, daga sallama har kunu. Bai ce uffan ba, ya dai ajiye butar a hankali ya koma ciki.

Da a ce mun ci wasan, da na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Aka yi ƙarin lokaci ba ci, wanda da a shekarun baya ne ma a wasu zagayen sai a ce a sake karawa wata rana kowa ya tafi gida, amma daga wannan kakar an soke wannan tsari. Aka zo fenariti. Leno, golan Fulham, ya ture na Lindelof. Sai Zirkzee, shi dai wannan Zirkzee da na yi wa kirari a Janairu, ya tako, Leno ya sake turewa. 4-3. Leno kuwa tsohon golan Arsenal ne, don haka mai gyaran waya ya ce ai aike suka yi. Ya bi benci-benci yana ba da labarin tafsiri, yana kwaikwayon durƙusona. Kafin in samo takalmina a kwata, sunana ya koma Almajirin Malam Bruno.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a ɗakin, tsohon telan nan da yake zama a bencin baya da hularsa a gwiwa. Shi fa Crystal Palace yake goyon baya, kuma ba wanda ya san dalili. Wasu sun ce tun zamanin Zaha ne, shi kuma ya taɓa ce min ratsin ja da shuɗin rigarsu ne ya burge shi, ɗinkin ya zauna. Shekara da shekaru yana biyan kuɗin shiga a ƙi saka masa wasansa, sai dai ya leƙa sakamako a ƙasan allo. A daren nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, bar su. Ku da kuka saba ɗauka ku ne kuke kuka. Mu ba mu taɓa ba, ga mu da ƙibarmu." Na ji haushin maganar nan fiye da dariyar, ban san me ya sa ba. Kuma har yau bai ba ni wandona na sallah ba, na waccan sallar nake nufi, wanda ya ce saura aljihu.

Palace ɗin nan ita ta je ta yi wa Fulham 3-0, ta yi wa Aston Villa 3-0, ranar 17 ga Mayu kuma ta tsaya gaban City a Wembley. Eze ya ci a minti na 16, golansu Henderson ya taɓa ƙwallo da hannu a wajen da'ira ba a kore shi ba, ya zo ya ture fenaritin Marmoush da Haaland ya miƙa masa. Babban kofinsu na farko a tarihi. Henderson ma ai yaronmu ne, a United ya taso, na faɗi haka a ɗakin ba wanda ya kula ni. Tela bai yi ihu ba, ya sa hularsa ya saya wa kowa shayi, ni ya ce a sa min madara biyu saboda ni almajiri ne.

Can gidan Baba kuwa, a daren da abin ya faru na isa wajen tara, na tarar da kunun ya yi sanyi ya kama jikinsa. Na shanye shi tas a durƙushe, don ba fuskar da zan ce na ƙoshi. Maman yara ba ta yi min magana a adaidaita ba, sai da muka zo kwanar gida ta ce, "Ko sunan malami ɗaya ba ka riƙe ba a duk garin nan?"

Baba bai sake tayar da zancen ba sai bayan kwana huɗu da wasan Palace, ranar da Tottenham ta doke mu a wasan ƙarshe na Europa. Washegari da safe ya aiko ƙaramin ƙaninta da saƙo, wai a gaishe ni, yaya jikin malam. Ashe yana jin labarin wasanni a rediyo. Yaron ya ƙi tafiya sai da na ba shi kuɗin mota, a gaban shagon mai gyaran waya kuma, wanda cajata tana wurinsa tun watan jiya na kasa zuwa karɓa.