Hasashen me za ka yi a garin da sabis ne ke cin ƙwallo?

Tun ranar Litinin nake son rubuta wannan, na ce bari in jira zuciyata ta sauka tukuna. Yau Alhamis ke nan, amma da na tuna fuskar yaron nan na bayan gilashi a ofishin kamfanin layina sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Muna da gasar PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa na waya. Na sani, tun 2021 Konami, kamfanin da ke yin sa, suka mayar da sunan eFootball, amma a bakinmu PES ne har gobe. Mu ashirin ne, duk 'yan Kano: tela, masu gyaran waya biyu a Farm Centre, ɗalibai, direban adaidaita sahu, da ni malamin makarantar kuɗi. Kowa daga ɗakinsa yake bugawa. A tura lambar shiga a guruf, a fafata, wanda ya ci ya turo hoton sakamako. Ni yatsuna sun riga sun yi nauyi, yara suna zura min biyar shida ba ko kunya, shi ya sa shekara uku da suka wuce na ajiye bugawa na koma ɓangaren hasashe. Kafin wani ya ɗaga min yatsa, ba caca muke yi ba, ba a zuba ko sisi. Maki ne kawai. Ka faɗi wanda zai ci, maki biyu. Ka faɗi yawan ƙwallayen daidai, maki biyar. A ƙarshen kaka admin ya sa wa wanda ya fi kowa data daga aljihunsa, a yi wata uku ana ce masa boka a guruf, Allah Ya yafe mana.

Ni kuwa da gaske na ɗauki abin. Ina da littafi mai bangon kwali, irin wanda nake rubuta makin ɗalibai. A ciki na san wa ke buga 4-2-2-2 ya jira ka yi kuskure ya kai maka farmaki da gudu, wa ke riƙe ƙwallo har ka gaji ka fito da masu tsaron baya, wa ke rikicewa in an zura masa tun minti goma na farko, wa ya jingina rayuwarsa kan katin tsohon ɗan wasa guda ɗaya da ya sayo da kuɗin cefane. Har na san wanda ba ya iya wasa in ya yi faɗa da budurwa.

Ranar Lahadi da daddare aka buga wasan kusa da na ƙarshe, tsakanin ɗaya daga cikin masu gyaran wayar nan da wani ɗalibi. Sau bakwai suka taɓa haɗuwa, mai gyaran waya ya ci shida. Na rubuta 3–1. Wallahi a minti na 78 sakamakon 3–1 ne cif. Maki biyar ɗin nan su ne za su ɗora ni saman tebur karon farko tunda aka fara gasar. Sai sabis ya ɗauke. Bawan Allah mai gyaran waya yana kan soron gidansu a Kurna, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, allo ya tsaya cak, aka watso shi waje. Dokar gasarmu kuma a rubuce take: wanda ya fita bayan hutun rabin lokaci an ci shi 3–0. Ban ga laifin dokar ba, don da babu ita duk wanda ya ga za a ci shi kashe data zai yi. Layinmu ɗaya da shi, unguwarmu ɗaya, ni ma a daidai lokacin saƙona alamar agogo yake nunawa a WhatsApp, har kusan goma da rabi bai tafi ba.

Kun san wa ya kwashe makin? Telan nan, wanda ko bambancin ɗan wasan gefe da na tsakiya bai sani ba. Shi kaɗai ya rubuta ɗalibi zai ci 3–0. Da aka tambaye shi yadda aka yi, cewa ya yi ai sabis ɗin Kurna ba ya ganin ƙarfe tara ranar Lahadi, shi kuma ɗalibin gidan yayansa yake zuwa bugawa, can akwai wayafai da sola. Shekara uku ina nazarin tsarin wasa, ashe mutumin nan taswirar turakun sabis yake haddacewa.

Ana wata ga wata. Litinin da safe na tashi na tarar datar wata guda da na saya kwana goma sha ɗaya da suka wuce wai ta ƙare. Na roƙi shugaban makaranta awa biyu, na hau adaidaita na tafi ofishin kamfanin. Aka ba ni 'yar takarda mai lamba. Awa ɗaya da minti ashirin ina zaune a kujerar ƙarfe, ga sanyin esi, ga wata katuwar talabijin tana nuna mutane suna dariya suna kallon waya a bakin teku. Tagogi huɗu ne, biyu ke aiki.

Da lambata ta fito na matsa na yi sallama. Yaro ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba, na koyar da sa'anninsa. Bai amsa ba.

"Lamba," ya ce, idonsa na kan tasa wayar.

Na karanto masa. Ya danna da yatsa ɗaya, ɗaya hannun bai saki wayar ba.

"Layinka lafiya lau yake, Malam."

Na ce ɗan'uwa, ai ban ce yana zazzaɓi ba. Sabis ne ba mu da shi a unguwarmu da zarar an yi sallar isha'i, wata da watanni, sannan ga datata ta wata ta tafi a kwana goma sha ɗaya.

"Ka kashe wayar ka kunna?"

Na ce na kashe na kunna.

"Ka cire layin ka mayar?"

Na ce na cire, na goge shi da bakin riga, na hura masa iska, saura tofi kawai ban yi masa ba.

Sai ya miƙo hannu ta ƙasan gilashi ya karɓi wayar da yatsu biyu, kamar wanda aka ba mushen ɓera. Ya juya bayanta, ya taɓe baki. "To ai wayar ce." Wayar da in na je Zoo Road take gudu kamar an koro ta, ita ce wai take lalacewa da na sauka a Kurna, ta kuma san ƙarfe tara ta yi ba tare da an gaya mata ba.

"Me ma kake yi da datar?"

Nan ne na yi kuskuren rayuwata, na faɗi gaskiya. Na ce gasar gem muke yi.

A karon farko ya ɗago ya kalle ni. Ya kalli furfurar da ta fara fito min a gemu, ya kalli biron da ke aljihuna, ya sake kallon gemun. Sannan a hankali ya ajiye wayarsa, abin da sallamata ba ta sa ya yi ba.

"Gem? Na yara?"

Ya juya ga ta tagar kusa da shi. "Anti, ji wani abu. Baba ne ya zo ƙorafi, wai an katse masa gem."

Baba. Shekarata talatin da shida. Ita kuma ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Maimakon in yi shiru sai na ƙara tona wa kaina rami, na ce ni fa ba bugawa nake yi ba, hasashen wanda zai ci nake yi.

"Au, bet ne ke nan."

Da ƙarfi ya faɗa. Wani dattijo a bayana ya ce a'uzubillahi, ya ja da baya taku ɗaya kamar ina ɗauke da cuta. A garin nan da Hisbah ta bi shagunan caca tana garƙamewa a watan Oktoban 2024, yaro ya tsaya gaban jama'a ya liƙa wa malamin makaranta wannan suna, alhali wa ya sani ko akwai uban ɗalibina a layin. Na buɗe baki zan yi bayanin maki biyu da maki biyar, sai na ji yadda maganar za ta fito, na haɗiye abata.

Ya turo min wayar. "Baba, ga mutane a bayanka masu matsala ta gaske. In kana so akwai tsarin dare mai sauƙi, in sa maka?"

Tsarin dare. A unguwar da na gama gaya masa sabis ba ya kwana. Ban kai bakin ƙofa ba wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo: wai yaya na ji da hidimar da aka yi min yau, in ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Wannan saƙon bai yi lattin daƙiƙa ɗaya ba. Saƙon cire kuɗin waƙar da ban taɓa nema ba shi ma bai taɓa ɓata hanya ba. Lokacin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, da muka yi ta sammako muna bin layi, saƙon barazanar rufe layi har cikin banɗaki yake samun mutum. Sabis ya san gidan kowa in kuɗi zai karɓa.

Abin da yaron nan bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, gem ba ya zuƙar data kamar bidiyo. Ɗan abu kaɗan yake aikawa, amma yana so igiyar kada ta tsinke. Jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ka danna a ba da ƙwallo ɗan wasanka ya tsaya yana tunani, mai tsaron bayanka ya ƙame kamar gunki abokin hamayya ya wuce ta gefensa. Mai kallon TikTok in sabis ya yi tuntuɓe zai jira ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mu ba mu da wannan gatan. Shi ya sa ɗan gem ya fi injiniyansu sanin lafiyar sabis ɗin kowace unguwa, kuma irin tsinkewar da ta watso mai gyaran waya ita ce take riƙe wa mai POS kuɗin mutane, ita ce take sa a cire maka kuɗi a banki mai shago ya ce bai gani ba. Dattijon da ya nemi tsari da ni, na ji shi da kunnena yana gaya wa na kusa da shi cewa kwana uku ba ya samun ɗansa a waya. Ciwonmu ɗaya.

Amma yaro ɗan aike ne, me zan riƙe shi da shi? Wanda ya ɗaure masa gindi shi ne abin magana. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, su sun nemi 100 ma, sai mu gode. Aka ce mana da kuɗin za a gyara sabis. Ƙarin kam ya iso, ko kwana bai ƙara a hanya ba, gyaran ne ake ta jiran motarsa. An yi mana alkawarin intanet mai sauri zai kai kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa kafin ƙarshen 2025. An ce za a shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000. A 2024 har doka aka sa wa hannu cewa kayan sadarwa kadarar ƙasa ce da ba a taɓawa, amma duk ɗan kwangilar da aka ba gyaran kwata sai katafilarsa ta tsinke waya, unguwa ta kwana uku a duhun sabis, ba wanda za a tambaya. Turakun kansu da dizal suke numfashi, saboda wutar da za ta riƙe su babu. Wa ya manta Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace Arewa ta shafe fiye da mako guda ba wuta? A wannan makon wasa biyu kawai aka iya bugawa a gasarmu, kowa yana layin mai cajin waya. Ranar 14 ga Maris ɗin shekarar kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke can wajen gaɓar Kodibuwa, mu da ko tafki ba mu da shi a unguwa muka wuni muna kallon allo.

Sannan a ce gem na yara ne. A Disamban 2024 FIFA da kanta ta shirya gasar cin kofin duniya ta wannan eFootball ɗin a Riyadh, har da ɓangaren waya, irin wayar da ke aljihunmu. Ɗan Malesiya ne ya ɗauki kofin ɓangaren wayar, bayan ya doke ɗan Maroko a wasan ƙarshe. Maroko fa, nan Afirka. A 2024 ɗin dai Saudiyya ta zuba sama da dala miliyan 60 a matsayin kyauta a babbar gasar wasannin kwamfuta. Ni na ga yadda mai gyaran wayar nan yake karanta wasa, ba na shakkar zai iya zama da su. Da wane sabis? Daga kan soro?

Mu ma jama'a ba mu fita ba. Kullum a majalisa ana kukan matasa sun lalace, ga ƙwaya, ga daba, ga ƙwacen waya. Yara ashirin sun zauna a ɗaki bayan isha'i, sun kafa wa kansu doka, sun naɗa alƙali, ba wanda ya zagi uwar wani, ba wanda ya zaro wuƙa, sai a kalle su a ce marasa aikin yi. Wanda ke faɗin haka kuma shi ne zai kwana a gidan kallo yana rantsuwa a kan Arsenal, ƙungiyar da ba ta san da zamansa a duniya ba.

Jiya da daddare na ɗauko littafina da rula na ja sababbin layuka uku a gefen sunan kowa: unguwa, layin da yake amfani da shi, akwai sola ko babu. Shafukan tsarin wasa na ninke su. Wasan ƙarshe gata Lahadi ne, ɗalibi mai wayafai da direban adaidaita, wanda na samu labarin yana faka mashin ɗinsa a gindin wani turken sabis a Hotoro ya buga daga kujerar baya. Na riga na rubuta 3–0. Sunan ne ban sa ba tukuna, ina jira in ji ko yayan ɗalibin ya biya kuɗin wayafai na wannan watan.