Aikin da Muka Ɗora wa Mai Jinya

A watan Nuwamban da ya wuce, a wani aji da ke hawa na uku na wata jami'a a arewacin Ingila, aka yi mini wata tambaya da har yau take ci mini rai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya, shekarata shida ke nan ina aiki a wani asibiti a nan, kuma bara na shiga karatun digiri na biyu a fannin tafiyar da asibiti da jagorancin harkar lafiya, ina zuwa aji sau ɗaya a mako, sauran kwanakin ina bakin aiki. A wannan lokaci na shekara, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, yayyafi ba ya tsayawa, kowa ya shigo aji da jiƙaƙƙiyar rigar sanyi ya rataye ta a bayan kujera. Mu goma sha takwas ne, akwai likitoci biyu, da masu harhaɗa magunguna, da akantoci, da wasu matasa waɗanda ba su taɓa riƙe sirinji ba.

Malamarmu ta raba mana manyan takardu, ta ce kowa ya zana hanyar da mara lafiya ke bi tun daga ƙofar asibiti har ranar da za a sallame shi, kowane mataki a cikin akwatinsa, a rubuta wanda alhakin matakin ke wuyansa. Ni sai na zana asibitin da aka kwantar da Innarmu a gida shekara biyu da suka wuce. Ba sai na faɗa muku abin da ya fito ba: yankar kati, bin layin biyan kuɗi, kai jini ɗakin gwaji, komawa karɓo sakamako, fita kemis na bakin ƙofa a sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa, neman ɗan uwan da zai ba da jini. A cikin akwati goma sha tara, sha huɗu suna ɗaya ne na rubuta a ƙarƙashinsu, wato mai jinya, ɗan uwan da ke zama da mara lafiya.

Da aka manna takardun a bango, wani matashin akanta ya tsaya gaban tawa ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni, ba da raini ba, wane sashe ne ke kula da wannan ma'aikacin, wa ke horar da shi, wa ke biyansa albashi, kuma me ke faruwa da mara lafiyar da ba shi da irinsa. Zuciyata ta tafasa. Na ce masa mu a wurinmu ba a jefar da iyaye a hannun baƙi, wannan zumunci ne, kuma abu ne da su suka rasa. Aji ya yi tsit. Sai da na hau bas ina komawa gida na yarda a raina cewa tambayarsa ta ƙarshe ban amsa ta ba, domin na san amsar, na kuma ga marasa gata kwance a baranda da idona.

Abin da na tsaya a kai tun daga ranar shi ne, rabin abin da mai jinya ke yi a asibitocinmu zumunci ne na gaskiya, rabin kuwa aikin asibiti ne da babu wanda aka ɗora wa, ya faɗo kan ɗan uwa. Shi wannan aiki na haɗa sassan asibiti su tafi tare sana'a ce mai zaman kanta, kuma a makaranta ake koyonta. Jami'ar Shikago ta Amurka ta buɗe karatun gaba da digiri kan tafiyar da asibiti tun 1934. A Birtaniya, an kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, a 1948, kuma daga 1956 ta fara ɗaukar matasa masu digiri tana horar da su aikin gudanarwa, shirin da ke nan har gobe. A 1983 gwamnati ta ɗauko Roy Griffiths, wanda babba ne a kamfanin kantunan Sainsbury's, ta ce ya duba yadda ake tafiyar da asibitoci. A rahotonsa ya ce da Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinyar Ingila ta zamanin da, za ta dawo ta zaga asibitocin da fitilarta, to masu alhakin wurin za ta riƙa nema. Daga nan aka fara naɗa manaja guda a kowane mataki wanda za a iya nuna shi da yatsa idan abu ya lalace.

Bari in kwatanta muku abin da nake gani kullum. Da safe ana taron gadaje a wani ƙaramin ɗaki mai babban allon kwamfuta, inda kowane gado na asibitin yake bayyane da launinsa: wanda ke da mutum, wanda za a sallami mai shi yau, wanda ake sharewa. Mai jan taron sau da yawa wata mace ce da ba ta kai shekara talatin da biyar ba, kuma ba likita ba ce. Za ta tambayi kowane sashe mutum nawa zai sallama kafin azahar, me ya riƙe wane, idan hoton ƙirji ake jira ta ɗaga waya a take, idan motar da za ta mayar da tsoho gida ce ba ta zo ba ta san wanda za ta kira. Manyan likitoci masu furfura suna ba ta amsa ba tare da ganin an ci musu fuska ba, domin ba ta tsoma baki a maganin da suka rubuta, su ma ba sa tsoma baki a lissafinta. Akwai ma'aikata na musamman masu tura mara lafiya da ɗaukar jini zuwa ɗakin gwaji, sakamako kuma ya faɗo cikin kwamfuta da kansa.

Abin da ake koya mana a aji shi ne abin da ke bayan wannan allon: kasafin kuɗi, tsara zuwan ma'aikata, sayen kaya kafin su ƙare, da yadda ake binciken kuskure ba tare da neman wanda za a rataya wa laifi a huta ba. Ga misali ɗaya da ya buɗe mini ido. Ɗaki mai gado 30, idan kowane mara lafiya yana kwana shida, zai karɓi mutum 150 a wata. Idan aka rage kwanan zuwa biyar, zai karɓi 180, ba a gina komai ba, ba a ƙara gado ko ɗaya ba. Wannan kwana ɗayan kuwa, a wurinmu, yawanci a jiran sakamako ko jiran sa hannu yake salwanta.

A gida, dokar 1985 da ta tsara asibitocin koyarwa na tarayya ta ce shugaban asibiti sai likita, ko da yake ta tanadi kujerar daraktan gudanarwa a ƙarƙashinsa. Wannan batu na cikin abubuwan da suka daɗe suna haɗa ƙungiyar likitoci da haɗakar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU faɗa, har da dogon yajin aikin 2018. Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk rigimar a kan wa zai hau kujera take, ba a cika jin mai tambayar me mai hawan ya karanta game da riƙe ta ba. Ba na cewa likita ba zai iya shugabanci ba, kuma Bazazzagi ba zai faɗi haka ba, tunda Farfesa Ishaya Audu likitan yara ne, ya kuma riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Amma ƙwarewa a tiyata ba ta koya wa mutum karanta lissafin akanta, kamar yadda daɗewa a aikin jinya bai koya mini ba. Ko wane ne za a naɗa, a wajabta masa karatun tukuna. Zariya kuwa ta fi ko'ina dacewa da jan ragamar wannan, domin cibiyar koyon aikin mulki da ke unguwar Kongo ta girmi jami'ar kanta, a can aka horar da ma'aikatan En'e na Arewa, ga kuma asibitin koyarwa a Shika tun 2005. Ilimin biyu duk suna gari ɗaya.

Na san za a ce matsalarmu kuɗi ce, kuma gaskiya ne. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kasafin tarayyarmu bai kai nan ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Sai dai uwargidan da cefanenta ya yi kaɗan ita ta fi buƙatar iya lissafi. Na kuma san nan ɗin ma ba aljanna ba ce. A asibitin Stafford da ke nan Ingila, shugabanni sun mayar da hankali kan alƙaluma da tsimin kuɗi har aka wulaƙanta marasa lafiya, rahoton Robert Francis na 2013 ya fito da shawarwari 290 a kan haka. A 2023 jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan bakwai. Ni kaina na sha riƙe hannun tsohuwa tana cikawa, mako biyu ba wanda ya zo dubiya. Duk da haka, tsohuwar nan ta sami maganinta a kan lokaci, an juya ta, an wanke ta, ba ta da kowa amma ba a bar ta a baranda ba.

Abin da ban faɗa wa ajin ba shi ne, mai jinyar da ke cikin zanena ƙanina ne, kuma wurin da ya tsaya wurina ne. Ni ce babba, ni ce ma'aikaciyar jinya, amma lokacin da Inna ta kwanta ina nan ina kula da iyayen wasu. Ya rufe shagonsa na kasuwar Sabon Gari mako uku, yana kwana kan tabarma, ni kuwa abin da na iya shi ne tura kuɗi da kiran waya. Kullum amsarsa ɗaya ce: “Yaya, kada ki damu, jiki da sauƙi, na sami wanda na sani a ɗakin gwaji.” Da tsarin ya yi aikinsa, da zama kusa da ita kawai zai yi, ya ba ta kunu, ya karɓi masu dubiya, da wataƙila rashina bai yi masa nauyi haka ba.

Da na zo zaɓar abin da zan yi bincikena na kammala karatu a kai, na zaɓi aikin mai jinya, na roƙe shi ya ɗauko mini hoton littafin da ya riƙa rubuta kashe-kashen jinyar. Ya turo shafi goma sha ɗaya, kowane rasit da ranarsa, har da kuɗin acaɓa. A gefen shafi na bakwai, daren da jikin Inna ya fi tsanani, ya rubuta da ƙaramin rubutu cewa Yaya ta kira, an ce mata da sauƙi.