Muryar da aka yi ta ɗinkewa da allura

Samari, ku da kuke kwana a situdiyo kuna jiran ranar da waƙarku za ta fashe, ku matso in ba ku labarin wani mutumin Meziko, José José.

A watan Maris na 1970, yana da shekara 22, ya hau dandamali a wata gasar waƙa a birnin Meziko ya rera "El Triste". Jama'a suka miƙe tsaye ana ta watsa masa furanni, amma alƙalai suka ba shi na uku. Bai rage shi da komai ba, don daga baya "Yariman Waƙa" aka riƙa kiransa. Waƙoƙin soyayya yake yi, irin waɗanda wanda aka yaudara ke kunnawa tsakar dare, kuma yakan ja murya a numfashi ɗaya har kai mai sauraro ka fara haki.

Ku dubi gidan da ya fito. Mahaifinsa ma mawaƙi ne, giya ta ci shi, ya bar iyali, ya rasu a 1968. José na biyun nan sunan uban ne, ɗan ya ɗauka don tunawa da shi. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi bai ishe shi ba.

Inda na fi so ku tsaya shi ne maganar allura. In sha da yawan wasa suka kumbura masa maƙogwaro, maimakon a ce ya huta, sai a yi masa allurar kotizon, kumburin ya sauka, ya fita ya rera. Gobe ma haka. An sayar da tikiti, ga mutane rututu da ke ci a jikinsa, wa zai ce a ɗage? Faifansa na 1983, Secretos, ya sayu miliyoyi, amma lissafin kuɗin a hannun wasu yake. Aurensa ya mutu a 1991, ya kai matsayin yana kwana cikin tasi tare da abokan sha. A 1993 aka kai shi cibiyar Hazelden mai kula da masu shaye-shaye a Minnesota ta Amurka, ya bar giya. Muryar dai ba ta dawo ba.

Kada wani ya ce mini ai mu ba ma shan giya. Kwalbar kodin da ake zuba wa lemo "don murya ta buɗe", da tiramol da ake haɗiya don a kai asuba ana ɗauka, meye marabarsu? Kuma abokin da ke miƙo maka, yana cewa "Oga, ɗan kaɗan ne", ka lura ko shi ne mai karɓar kuɗin wasan. In murya ta dishe ka ce ba za ka je bikin ba, ko an ba da kafin alƙalami. Ka mayar. Takardar da manaja ya kawo, kada ka sa hannu sai wani wanda ba ya cin abincinka ya karanta maka.

A 2006 ya fito a wasan talabijin La fea más bella, a matsayin uban jarumar. Mutumin da aka watsa wa furanni saboda murya, magana ma da ƙyar take fita, a shaƙe. Ya rasu a Florida ranar 28 ga Satumba, 2019, yana da shekara 71, bayan fama da sankarar pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. 'Ya'yansa suka yi ta jayayya kan gawar a idon duniya, ƙarshe aka ƙona ta aka raba tokar, wani kaso a Miami, wani a Meziko.